Dagen Bakin Rafi

Shekara talatin ya yi yana aikin kafinta kafin ciwon baya ya raba shi da zarto. Da ya ga zaman gida zai ƙarasa shi, sai ya tattara ragowar katakon shagonsa ya ƙera akwatunan zuma goma sha biyu, ya jera su a gonarsa ta bakin rafi. Tun daga nan sunan kafinta ya ɓace, kowa sai Mai Zuma, har matarsa in tana jin tsokana.

Wata safiya ya tarar da akwati biyu a kife, murafe a gefe, saƙar zuma a warwatse cikin ƙasa. Da fari ya ɗauka ɓarayi ne. Amma da ya duba da kyau, sai ya ga an fi cin tsutsar da ke cikin saƙar, an bar zumar tana malala. A ƙasa kuma ga sawu mai dogayen farata, ga wani ƙarami yana biye da shi.

"Dage ne," in ji ƙanensa, wanda ke kiwon kaji a gonar da ke jikin tasa. "Yaya, ga tarko nan, ɗauki ka ɗana. In ka yi sake, akwati ɗaya ba zai rage maka ba."

Ya karɓi tarkon, amma ya ce sai ya san hanyar dabbar tukuna. Washegari, gari bai gama wayewa ba, ya hau wani ɗan tudu ya zauna a bayan kututture.

Bai daɗe ba ta fito daga cikin ciyawa. Gajera ce, mai faɗin ƙirji, cikinta da ƙafafunta baƙi wuluk, bayanta kuwa tun daga goshi har wutsiya kamar an zuba mata toka. Tana tafe tana sassarfa, hanci a ƙasa, ba ta waiwayen kowa. A bayanta ga ɗanta, bai fi mage girma ba, yana gudu yana tuntuɓe. Ta tsaya a gindin wani dutse ta hau tono, ƙasa na feshi ta tsakanin ƙafafunta tana sauka a fuskar ɗan. Ya yi atishawa, ya girgiza kai, ya matso shi ma ya fara tonon wurin da babu komai. Ta zaro kunama, ta danne ta, ta gutsire ƙarin, ta tura masa sauran. Ya yi ta juya abin da hannu kamar bai yarda ba. Da ta gaji da jira, sai ta cafke shi a ƙeya ta yi cikin wani rami a gindin suri.

Mai Zuma ya dawo gida ya rataye tarkon a bayan ƙofa.

"Ina naman?" matarsa ta tambaya.

"Mai goyo ce."

"To, sannu. Sai ka kai mata barka."

Ya fito da guduma da zarto duk da ciwon bayan, ya yi wa akwatunan dogayen ƙafafu, ya naɗe kowace ƙafa da kwanon rufi don farce ya riƙa zamewa. Kwana huɗu aka yi lafiya. A na biyar, da idonsa ya ga ta mirgino wani guntun icce da ƙirji har gindin akwati, ta taka, ta ɗare sama. Maimakon ya yi jifa, sai ya tsinci kansa yana dariya shi kaɗai. Daga ƙarshe ya kafa turakun ƙarfe ya rataye akwatunan da waya, suna lilo. Ta zo ta zagaya su sau uku, ta ɗaga kai ta duba, ta yi gurnani, ta wuce abinta.

Zuma ta tsira, amma zuwa tudun bai tsaya ba. Kullum da sassafe, wani lokaci da yamma, yana can. Ya gane ba ta daɗewa a rami ɗaya. Bayan 'yan kwanaki sai ta ɗauki ɗan ta sauya, shi kuma ya bi sawu ya nemo su. Ya ga ranar da ɗan ya fara hawa bishiya ya kasa saukowa, yana ta ƙara, uwar na ƙasa tana cin abinta, ko kallo bai ishe ta ba, har ya gaji ya sulmiyo da baya. Ya ga ta kama maciji ta bar shi da sauran rai, ta ja gefe tana kallon yadda ɗan zai yi. Duk abin da ya gani sai ya kawo wa matarsa labari a kan abinci, ita kuwa ta ce, "Naka yaran ma ban ga ka san ranar da suka fara rarrafe ba."

"Lokacin ina shago," ya ce. Ya ci gaba da cin abincinsa.

Ana nan sai dagen ta haƙa ta ƙarƙashin kejin ƙanen, ta kashe kaji bakwai. Ƙanen ya zo har tsakar gida da gawar biyu a hannu, ya zube su a gaban yayan.

"Ga aikin 'yar gidanka. Guba zan sa, kada ka ce ban faɗa maka ba."

"Ita ce, ban musa ba," in ji Mai Zuma. "Amma kejin naka ƙasa ce zalla a ciki. Ka ba ni kwana uku."

Kwana ukun nan ya yi su a durƙushe. Ya haƙa kewayen kejin, ya binne ragar waya har gwiwa, ya daɓe ƙasan da siminti. Da ya gama, sai da aka kama shi ya miƙe. Ƙanen ya fasa sa guba, amma ransa bai huce ba. Ya samo karnuka uku ya sake su a gonar.

Mai Zuma yana kan tudu ranar da karnukan suka rutsa su a bakin ruwa. Uwar ta tura ɗan cikin saiwar bishiya ta tare bakin. Gashin bayanta ya miƙe, ta saki wani wari da ya kai har inda yake zaune, ta yi kan babban karen kai tsaye. Ɗaya ya cafke ta a wuya, ta murɗa cikin fatarta ta juyo ta kama masa hanci. Kafin tsohon ya gangaro da sandarsa yana ɗingishi, karnukan sun watse. Ita kuwa ta tsaya tana haki, hannunta na dama a ɗage, jini na ɗiga. Da ya matso, shi ma ta yi masa gurnanin da ta yi wa karnukan. Ya ja da baya.

Kwanaki suka wuce ba ta iya tono. Ta rame, ƙasusuwan kafaɗarta suka fito. Ya riƙa ɗibar tsohuwar saƙa mai tsutsa yana ajiye mata a kan wani falalen dutse, ya koma tudu. Ba ta taɓawa sai ya yi nisa. Wata safiya da ya zo ajiyewa, ya tarar da fasassun ƙwai guda biyar a kan dutsen. Da suka haɗu da ƙanen a hanya ya kalle shi.

"Na zubarwa ne, Yaya," ƙanen ya ce, yana duban wani wajen. "Karnukan kuma na ɗaure su, cin su ya yi yawa."

A wannan tsakanin ne ɗan ya koyi aiki. Uwar ta kan sansano wuri ta tsaya, shi ya haƙa. Sau da yawa ya kan fito da hanci duk ƙasa ba komai, amma wata rana ya zaro ɓera. Ta kai baki za ta karɓa, ya ruga da shi, ta bi shi da ƙafa uku ta ƙwace rabi.

Hannun ya warke, ɗingishin bai tafi ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa. Ɗan ya girma har ya fi uwar, suka fara faɗa a kan abinci, suna kwana rami daban-daban. Sannan Mai Zuma ya daina ganinta. Saurayin dagen kaɗai ya kan gifta, shi ma jefi-jefi, har ya koma ƙetaren rafi.

Sati guda yana bin bakin ruwa yana neman sawu mai ɗingishi. A rana ta takwas matarsa ta ɗauki mayafi ta ce za ta raka shi, kada ya faɗi a wani rami ba wanda ya sani. Suka duba gindin surin, suka duba saiwar bishiyar da sauran ramukan da ya sani. Yanar gizo ta cika bakin wasu, wani kuma bushiya ta gaje shi.

"Ko ta mutu?" matar ta tambaya a hankali.

"Ko ta ƙara gaba. Ba ta taɓa sallamar kowa ba."

Suka zauna a kan tudun har rana ta ɗaga. Ita ba ta taɓa ganin dagen ba ko sau ɗaya, amma ta riƙa tambayarsa ina ne aka yi faɗan, wace bishiya ce ɗan ya maƙale, yana nuna mata da sanda. Da zafi ya fara, ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta miƙa masa hannu ta tashe shi, suka gangara gida a hankali, tana riƙe da gwiwar hannunsa a wuraren da ƙasa ke zamewa.