Haihuwa Ashirin a Kan Takarda

Ni aka zaɓa na wakilci ajinmu a kwamitin gyaran manhaja, ba don na fi kowa karatu ba, sai don bakina ba ya iya shiru. Muna shekara ta biyar ke nan a makarantar koyon aikin likita. A zaman farko shugaban kwamitin, wani farfesa mai sanyin murya, ya dube mu ɗalibai ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku rubuto mana gaskiya, ba ma son sunan kowa."

Yoyon namu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Manhaja ta ce kafin ɗalibi ya shiga jarrabawa sai ya karɓi haihuwa ashirin da hannunsa, ungozoma ta sa masa hannu a ɗan littafinsa. An kafa wannan doka tun ana ɗalibai talatin a aji. Mu ɗari da arba'in ne, ga ɗaliban ungozoma su ma suna neman nasu. Sai ka ga mace ɗaya tana naƙuda, mutum takwas sun kewaye gadon da safar hannu, kowa na so ya riga wani. Ko kunya ba ma ji.

Anti ce take fitar da mu. Ita ce babbar ungozomar ɗakin haihuwa, gajera, mai faɗan tsiya, saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Idan jarrabawa ta matso sai ta tara littattafanmu a teburinta, ta gyara tabarau ta ce, "Wanda ya tsaya ya gani da idonsa, ya riƙe ƙafa, ya goge jini, zan sa masa hannu. Ba zan bari a maimaita muku shekara a kan lissafin wani da bai taɓa leƙo ɗakin nan ba." Tana sa hannu tana mita, mu kuma muna godiya.

Na zauna na rubuta rahoto shafi huɗu. Ina son a gane cewa dokar ce ke tilasta wa mutanen kirki yin ƙarya, kuma muna fita duniya da shaidar abin da hannunmu bai iya ba. Wannan na biyun ya daɗe yana ci mini rai. To amma tun muna shekara ta uku aka cusa mana wata ɗabi'a: duk abin da ka rubuta a fayil ɗin majiyyaci ba ka sa kwanan wata da lokaci ba, bai faru ba. An taɓa yaga mini takarda a gaban jama'a saboda haka. Hannuna ya riga ya saba. Na rubuta cewa ranar Talata, sha huɗu ga wata, ƙarfe goma da rabi na safe, an sa wa ɗalibai goma sha ɗaya hannu a kan haihuwa guda. Ban sa suna ba. Har ina jin daɗin kaina, wai na kawo hujja.

Sai da na miƙa rahoton sannan na nuna wa Lauya kwafinsa. Ɗan ajinmu ne, gardama ce ta jawo masa sunan. Ya karanta ya kai layin, ya ɗago ya dube ni.

"Ke, kin manta akwai jadawalin aiki manne a bangon ofishin shugabar ma'aikatan jinya? Wa ke kan aiki Talatar nan da safe?"

Anti ce ke kan aiki a ranar.

A zama na gaba Farfesa ya yaba rahoton, ya ce bai taɓa ganin ɗalibi ya yi aiki mai tsabta haka ba. Ni kuwa idona na kan wakilin hukumar asibiti da ke zaune a ƙarshen tebur. Na ga ya ja layi a ƙarƙashin wani abu, ya kwafe shi a littafinsa. Bayan an tashi na bi Farfesa har bakin matattakala.

"Ranka ya daɗe, doka muka kawo ƙara, ba mutum ba. Kai ka ce ba a son suna."

"Ban nemi suna ba, 'yata, kuma ba ki ba ni ba," ya ce. "Amma asibiti ya ga wata ma'aikaciyarsa ta shaida abin da bai faru ba. Wannan ya fi ƙarfin kwamitina."

"To a ba ni takardata in gyara."

"An raba wa mutum goma sha biyu."

Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ni da Lauya muka rubuta takardar roƙon a yi wa Anti afuwa, muka bi 'yan aji ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya sa hannu ya amsa ke nan cewa littafinsa ƙarya ne. Waɗanda suka fi kowa kiran "Anti, Anti" su suka fara zillewa, wannan ya ce yana sauri, wancan ya ce bari ya yi shawara da babansa. Mutum goma sha tara muka samu. Na ji haushinsu ƙwarai, amma na fi jin haushin kaina.

Wata biyu bayan haka aka amince da sabuwar manhaja. An mayar da haihuwar takwas, za a riƙa rarraba ɗalibai ƙananan asibitoci, an kuma sayo mutum-mutumin roba na koyo. Gyara ne mai kyau, ba zan ce ba. Ana ta tare ni a hanya ana yi mini sannu da ƙoƙari. A makon ne aka cire Anti daga ɗakin haihuwa, aka kai ta sito kafin a gama bincike.

Na yi kwana uku ina kai gwauro ina kai mari kafin na iya zuwa. Siton ɗaki ne mara taga a bayan wurin wanki. Na same ta zaune a tsakanin kwalayen auduga, tana ninke zannuwan gado. Na durƙusa na gaishe ta.

"Anti, ni na rubuta."

"Na sani. Wa zai sa ƙarfe goma da rabi in ba ke ba?" Ta ci gaba da ninki. "Tashi, ƙasan nan da ƙura. Abin da kika faɗa ƙarya ne?"

"A'a."

"To." Ta ajiye zanen ta dube ni ta saman tabarau. "Faɗa mini tsakaninki da Allah, nawa kika karɓa da hannunki?"

"Uku."

"Uku," ta maimaita, ta ja tsaki. "A haka za a tura ki wani wuri ke kaɗai, mace ta zo da jariri a karkace? Ki zo jibi da safe, in tsaya a kanki ki karɓi ta huɗu. Kada ki makara, kin san halina."

Har ta miƙa hannu za ta ɗauki wani zanen, sai hannun ya tsaya. Ta dubi kwalayen, ta dubi ƙofa.

"Au," ta ce a hankali. "Ki tambayi wadda aka sa a gurbina."