Murfin Tankin Malam Khalilu

"Injinka lafiyarsa ƙalau, Malam," in ji bakaniken, yana zare na'urarsa daga ƙarƙashin sitiyari. "Murfin tanki ne. Ana buɗe shi, ba a rufe shi daidai. Da iska ta shiga sai fitilar ta kama."

Badaru yana tsaye a bayan maƙwabcinsa Malam Khalilu, sai ya kau da kai gefe. Zuwansu gareji a Ɗambatta na biyar ke nan a kan 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji. An canja fulogi, an wanke nozul, an cire kan batir an mayar. Ta mutu kwana uku, ta dawo. Malam kuwa tsohon hedimasta ne, mutumin da ko biro ba ya bari ya kwana ba murfi, ga hawan jini, ga fitila ta zuba masa ido kullum.

"Ni da hannuna nake rufewa," in ji Malam. "Sai ya yi ƙas sau uku."

"To, wani yana buɗewa a bayan idonka."

Lungun gidan Malam ba ya cin mota, saboda haka shekara shida ke nan a rumfar Badaru take kwana. Mukulli biyu ne, ɗaya a aljihun Malam, ɗaya wajen ɗansa Jamil, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda yake jan ta. Gejin mai ya daɗe da mutuwa, ba mai gane man ya ragu. Abin da Badaru kaɗai ya sani shi ne ƙofar tankin da bakin cokali ma tana buɗuwa. Yana da gonar tumatir ta rani a Watari, yana da injin ban-ruwa mai shan fetur kamar raƙumi. Duk Juma'a, in gari ya watse zuwa masallaci, sai ya ɗan yi jinkiri da tiyo da jarka, ya murɗa murfin a gaggauce, ya bi sahu.

A ranar da suka dawo daga Ɗambatta, bayan la'asar, Malam ya tsayar da Jamil a ƙofar gida, a gaban jama'a.

"Kai kake shanye mini mai, ka bar ni ina yawon gareji kamar mahaukaci?"

"Baba, wallahi ban taɓa ba." Jamil ya waiwaya. "Baba Badaru, a rumfarka take kwana. Ka taɓa ganina da jarka?"

Badaru ya sunkuyar da kai, ya ja carbi. "Ni dai ba na shiga tsakanin ɗa da mahaifi."

Kafin sati ya zagayo Jamil ya kwashe iyalinsa ya koma Dawanau yana dakon buhu a kasuwar hatsi. Fitila kuma ba ta sake kamawa ba. Ba wai Badaru ya daina ba ne, ina! Darasi ya ɗauka a wajen bakanike, yanzu sai murfin ya yi ƙas sau uku yake sakinsa.

"Ka gani ko?" Malam yakan ce masa, yana nuna gurbin fitilar a gaban sitiyari. "Tun da ya tafi." Yana faɗa ba tare da ko ɗigon murna ba. Ya rame, ya daina zaman ƙofar gida, matarsa Furera ta ce tuwon ma sai dai ya juya shi a kwano.

Wata biyu bayan haka Malam ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka dawo da shi daga asibiti, Badaru ya shiga duba shi. Ɗakin na warin man zafi. Furera tana bakin ƙofa riƙe da waya, tana jira ya ce a kira Jamil.

Malam ya kamo hannun Badaru da hagunsa. Maganar da ƙyar take fita.

"Badaru, kai ne maƙwabcina. Tsakaninka da Allah... ko na zalunci yaron nan?"

Tausayi ya kama Badaru, har idonsa ya kawo ruwa. Amma ya tuna da sahun gaba a masallaci, da yadda ake ce masa dattijo. Ya tuna saura ban-ruwa biyu tumatir ya nuna.

"Malam, ka dai gani da idonka. Fitila ta mutu."

Malam ya saki hannunsa, ya juyar da fuska bango. "Ajiye wayar nan, Furera."

Bayan 'yan kwanaki, ran Alhamis da hantsi, Malam ya cika. Jamil bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Ya durƙusa gaban Badaru yana kuka, yana godiya, don an gaya masa Badaru ne ya shiga kabari ya karɓi gawar.

"Bai ce komai a kaina ba, Baba?"

"Ka yi ta yi masa addu'a kawai," in ji Badaru.

Washegari Badaru ya aika da kwandon tumatir guda, na miyar masu zaman makoki. Da yamma ya leƙo ta katanga, ya hangi Jamil shi kaɗai a cikin rumfa, zaune a cikin motar, a mazaunin mahaifinsa. Jamil ya murɗa mukulli, fitilun gaban sitiyari suka kama gaba ɗaya, inji ya tashi, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har da ruwan ɗorawar. Jamil ya daɗe yana kallon gurbinta. A gefen tayar baya, ƙarƙashin tarin harawa, bakin jarkar Badaru ya ɗan leƙo.