Burodin Ista a Hawa na Tara

"Maman Olive, don Allah," in ji Debbie, ta sa hannu ta tare ƙofar. "Nas ta ce da wuya Mama ta kai Litinin. Yaran kawai take tambaya. Har fulawa ta sa na sayo."

Chundung ta dube ta sama da ƙasa.

"Ki ce mata ta kira hukuma su kawo mata su. Ai ta san lambar."

Ta rufe ƙofa a hankali, don ta fi jin daɗin rufewar.

Mama Constance, uwar Debbie, tsohuwar nas ce da ke zaune daura da su a hawa na tara na wani dogon bene a Alexandria. Daga Filato suka fito su biyun, cocinsu ɗaya. Kowace Asabar ɗin Ista tsohuwar kan tara yaran benen a kicin ɗinta, ta gasa musu burodin da take kira kabarin Yesu. 'Ya'yan Chundung, Olive da ƙanenta Clinton, su ne 'yan gaban goshinta, Kaka suke ce mata.

Sai ranar da aka riƙe Chundung a wurin aiki, Clinton ya buɗe ƙofa ya shiga lifta shi kaɗai, aka tsince shi a bakin titi. Mama Constance ba ta jira uwar ta dawo ba, ta ɗauki waya ta kira hukumar kula da yara. Aka kwashe su biyun aka kai su riƙo gidan wasu baƙin mutane. Da aka dawo da su bayan watanni, Clinton ya koma fitsarin kwance, Olive kuma ta daina amsa Hausa. Tsohuwar ta zo ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta ce tsoro ne ya kama ta. Chundung ta ce ta ji. A ranta kuwa ta rantse matar nan ba za ta ƙara ganin yaran ba, ko da a bakin kabari. Wanda ya ci zomo ya ci gudu.

Ga bakin kabarin ya zo, kuma a Asabar ɗin Ista. Amma hana yaran bai ishi Chundung ba, so take tsohuwar ta san abin da ta rasa. Ta sauka kanti ta sayo bota da kirfa da mashimalo, alewar nan fara mai laushi kamar auduga. Ta kwaɓa fulawa, ta wangale ƙofarta, ta tokare ta da takalmi.

"Ku zo nan!" ta ɗaga murya yadda za a ji a ƙetaren baranda. "Yau uwarku ce za ta koya muku."

Ta ɗaga alewa guda.

"Wannan jikin Yesu ne. Kun gan shi fari, ba zunubi. Botar nan da kirfa su ne man ƙanshin da aka shafa masa. Kwaɓin nan kuma kabari. Mu sa shi ciki mu rufe."

Farantin farko ya ci amanarta. Alewar ta narke ta tsiyaye ta gefe, ta ƙone baƙi ƙirin.

"Kaka tana jiƙa yatsa kafin ta rufe bakin," in ji Olive da Turanci. "In je in tambaye ta?"

"Kul! Ƙafarki ta taɓa barandar nan ki gani."

Amma ta jiƙa yatsan. Ta riƙa murɗe bakin kowane kwaɓi kamar mai murɗe kunnen yaro. Ta tura faranti na biyu cikin obin ɗin gashi.

"To, Clinton, me ya faru a rana ta uku?"

"Ya tashi!"

"Da ƙarfi, ban ji ba."

"Ya tashi!"

"Mami, kin tsallake wani wuri," in ji Olive. "Kaka tana fara tambaya me ya sa ya mutu. Sai mu ce, don a gafarta..."

"Ba nan muka zo ba. Miƙo mini tsumma."

Ƙanshin kirfa ya cika ɗakin. Chundung ta ɗauki murfin tukunya ta tsaya a ƙofa tana fifita shi waje, zuciyarta fari tas. Shaƙi, Mama. Shaƙi ki ji muryoyinsu, ki san taku kaɗan ne tsakaninku, kuma ba za su zo ba. Ita ma haka ta kwanta watanni tana shinshinar rigunansu. Ta ji Debbie ta fara rera waƙar coci ƙasa-ƙasa a can ciki, ta ƙara ƙarfin fifitar.

Tana fitar da faranti waƙar ta tsaya. Burodin ya tashi, ya yi ja, ko ɗaya bai fashe ba.

Can sai ƙofar da ke daura ta buɗe. Debbie ta fito ba takalmi, idanunta jajir. Ta zo ta kama hannun Chundung da hannu biyu.

"Ta tafi, Maman Olive."

Chundung ta dubi ƙofar da ke daura.

"Tun safe take kuka, na rasa yadda zan yi da ita. Da ƙanshin nan ya shigo sai ta yi shiru. Ta ji Clinton yana cewa ya tashi, ta yi murmushi ta ce, 'Sun zo? Suna kicin?' Na ce e, Mama, sun zo. Ta ce, 'Chundung ta yafe mini ke nan.' Daga nan ta yi barci." Debbie ta matse hannun. "Na gode. Allah ya saka miki."

Chundung ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, da zafinta: ban yafe ba, ba don haka na gasa ba. Amma wadda za ta ji ba ta nan.

Debbie ta koma ta kira fasto. Olive ta zauna a ƙasa tana kuka ba sauti.

Clinton ya ja zanin uwarsa, yana riƙe da burodi guda.

"Mami, in buɗe?"

Ta karɓa ta tsaga masa gida biyu. Tururi ya fito. Yaron ya leƙa, ya zura yatsa ya zagaya cikin ramin, babu komai sai ɗan danƙon sukari. Takalmin yana nan tokare da ƙofa, ƙanshin yana ta fita baranda.