Baƙo Ɗaya Tak

A filin jirgin Incheon katina falo biyu yake buɗe mini, irin na manyan fasinjoji. Na gabas babba ne, ga hayaniya, amma ana bari ka shiga da baƙi biyu. Na yamma ƙarami ne, shiru, miyarsu ta fi daɗi, sai dai baƙo ɗaya tak suke karɓa. Kullum na gabas nake zuwa don ya fi kusa da inda nake hawa jirgi. Ran nan ma can na nufa, da hantsi, sai na ji an ce, "Mis Bang."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana haka, ba muƙami ba komai, kamar mai kiran 'yar aike. Na waiwaya.

Darakta Pyo ne. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa a kamfanin sayar da kayan injin. Duk tafiyar da za mu yi, shi ya shige falo, ni ya bar ni kan kujerun waje da jakarsa da akwatin samfur. Katinsa na ɗaukar baƙo, amma wai ƙaramin ma'aikaci sai ya san matsayinsa. Wannan tuni na yafe. Wanda ban yafe ba shi ne ranar da ƙanena ya bugo daga garinmu Gunsan ya ce likitoci sun ce a taru a kan babanmu. A wurinmu ƙarami ba ya fasa tafiyar aiki sai ya ji izini daga bakin babba. Pyo na cikin falo, na buga masa waya har yatsana ya gaji. Na aika masa takarda ta hannun yarinyar da ke ƙofar falon. Bai fito ba sai da aka kira jirgi, yana sakace, ya ce, "Tsoho ba ya mutuwa da ciwon yini ɗaya. Kwana uku ne fa mu dawo." Na bi shi na hau. Babana ya cika muna kan teku. Na tsani Pyo tun daga ranar, kuma na tsani kaina da na bi shi.

Yanzu shekara shida da barina wurinsu. Ya rame, ya rine furfurarsa baƙi ƙirin. Gefensa wani dattijo ne mai sanda da hular ulu.

"Wannan surukina ne, Dattijo Eom," ya ce yana washe baki. "Ɗansa zai auri 'yata, Vancouver za mu wajen biki, mata sun riga mu. Suruki, wannan yarinyata ce, ni na raine ta a aiki."

Na rusuna wa dattijon. Pyo ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Ke dai Allah ne ya kawo ki. Kin san bara suka sallame ni, ashe katin ma ya faɗi, yanzu na'ura ta ƙi shi. Ni kuwa tun a mota nake cika wa tsohon nan baki zai huta a falo. Ki shigar da mu, kada in ji kunya gaban suruki."

"Haba Darakta, wannan har sai ka roƙa?"

Na koma wurin dattijon na ce, "Baba, falon gabas kasuwa ce, ba za ka sami wurin miƙe ƙafa ba. Na yamma ya fi dacewa da kai."

Da nisa kam. Muka bi dogon lungun nan, muka wuce kantunan turare da na citta mai tsada, dattijon na dogara sandarsa, ni ina rage tafiya dominsa. Pyo na gaba yana ba da labarin yadda a da ma'aikatan falo suka san shi da suna. Ni dai murna nake a raina.

Yarinyar da ke ƙofa ta karɓi katina da hannu biyu, ta dube mu, ta rusuna.

"Ku yi haƙuri, Manaja Bang, baƙo ɗaya ne kawai a nan."

Pyo ya yi tsuru-tsuru. Ya matso kunnena.

"Ai na gabas biyu yake ɗauka, kin sani."

"Au, haka ne? Ka san ni cikin falo ban san shi sosai ba, Darakta. Wajen na fi sani."

Ya kalle ni, ya gane. Na ga lokacin da ya gane, kuma ban kau da ido ba. Ya juya ya dubi lungun da muka baro, ya dubi gwiwar surukinsa da ke rawa kan sanda. Uban amarya ba zai ja uban ango ya koma da shi baya duk nisan nan ba, balle ya shige ya bar shi tsaye. Shi ya fi ni sanin haka.

"Suruki, shiga ka huta," ya ce.

"A'a, ina, kai ka shiga, ai yarinyarka ce."

"Ni? Na ci abincin falon nan har ya gundure ni. Shiga kawai."

"To mu zauna a waje tare mana."

"Wallahi sai ka shiga. Kawo rigar sanyin in riƙe maka."

Sau uku dattijon ya ƙi, yadda ya kamata, sau uku Pyo ya matsa. Da hannunsa ya tura shi ciki, yana murmushi har kumatunsa na rawa.

Na samo wa Baba Eom kujera mai laushi. Na kawo masa miyar ganyen teku da shinkafa da kimchi, kabejin nan namu mai yaji, na zuba masa shayin sha'ir, na jira ya ɗauki cokali kafin in ɗauki nawa. Mutumin kirki ne, tsohon malamin makaranta. Ya tambayi garinmu, ya tambayi iyayena. Na ce babana ya rasu, ban sami ganawa da shi ba, ina tafiyar aiki. Ya jinjina kai ya yi mini ta'aziyya.

Da ya ci rabi sai ya ajiye tsinken cin abinci.

"'Yata, bari in tambaye ki. Sau biyu kawai na taɓa zama da mutumin nan, yara ne suka haɗa kansu a can waje. Ke kin daɗe da shi. Wane irin mutum ne?"

Amsar wannan tambaya kowa ya haddace ta. Ko da tsohon maigidanka ya taka maka wuya, cewa za ka yi ya iya riƙon na ƙasa, ka koyi abu da yawa a hannunsa. Wanda ya tambaya ma yabon yake jira, ya ji ya kwantar da hankalinsa.

Na ce, "Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa, Baba."

Ya jira sauran. Na ɗebi miya na sha. Na ɗauki kimchi na tauna a tsanake. Mai share tebur ta zo ta kwashe kwanuka ta tafi, har yanzu yana jira. Sai na ga fuskarsa ta sauya a hankali.

"Waccan tafiyar da kika ce," ya ce, "tare da shi ne?"

Na ƙara masa shayi.

Ya ture kofin gefe. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "'Yar tasa fa?"

A nan na ɗan ji nauyi, don ita ba ta yi mini komai ba, kuma ba da ita nake ba.

"Ban san ta ba, Baba. Amma kowa a ofis cewa yake uwarta ta biyo."

Ya sauke ajiyar zuciya. "To, da sauƙi."

Bai ƙara cin komai ba. Da lokacinsu ya yi na raka shi ƙofa. Pyo ya taso da sauri, riga a hannu, baki har kunne.

"Suruki, yaya miyar? Ban faɗa maka ba?"

Dattijon ya karɓi rigarsa bai dube shi ba. Ya juyo gare ni, ya cire hula, ya rusuna mini fiye da yadda tsoho ke yi wa 'yar cikinsa. Sannan ya kama hanya shi kaɗai da sandarsa, Pyo na binsa da jakunkuna biyu yana tambaya ko wani abu ya faru.

Na koma ciki na ɗebo miya ta biyu. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, ba zan yi ƙarya ba. Daga nan zuwa Vancouver kusan awa goma ne, kuma na ga tikitinsu, kujerunsu a haɗe suke.