Layar da Ammar Ya Ɗinka

Sanyin Janairu a Omdurman ba ya daɗewa, amma ranar nan sai da ya shiga ƙashin Ladan. Tun da aka idar da asuba yake tsugune a gaban tsohuwar boksinsa, motar a-kori-kurar da ya rufe da buhuna a tsakar gida tun farkon yaƙi. A ɗaki kuwa matarsa Tasalla na kwance, ƙafafu sun kumbura suntum, numfashi sama-sama. An ce injin wankin ƙoda ya dawo aiki a asibitin arewacin gari, amma wanda bai isa da safe ba sai wani makon. Tasalla kuwa, ko makaho ya ji numfashinta ya san ba za ta kai wani makon ba.

Ya murza makulli. Injin ya yi ta gurnani, ya furzo farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, ya yi shiru. Batirin ma na aro ne, daga solar maƙwabcinsu Haisam aka kwance shi, kowace murzawa ƙara masa kasala take.

Ladan ba baƙon dizal ba ne, a garejojin Bahri ya yi furfura. Farin hayaƙi da sanyi, ai maganar hita ce, 'yan sandunan ƙarfen nan huɗu da ke ɗumama cikin inji kafin ya kama. Ya sake buɗe makulli ya kasa kunne, rile, ɗan makunnin da ke ba hita wuta, ya ce ƙas, lafiyarsa lau. Fis ma bai ƙone ba. Ya tafasa ruwa ya kwara wa kan injin, a banza. Turi kuwa wa zai tura? Lungun yashi ne, mazan unguwa duk sun watse.

Sai ya kwance ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin, ya ɗauko ƙwan fitila mai waya, ya maƙala a batir, ya shiga taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Mai rai ƙwan zai kama. Na farko shiru. Na biyu shiru. Na uku shiru, na huɗu ma ya ƙi. Haba! Huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya, sai ka ce annoba. Ya zaro guda ya duba, bakin ya ƙone ya kumbura, zaren duk tsatsa. Wannan ai daga gwangwanin shararsa ta fito, shi da hannunsa ya jefa ta can.

Nan take ya gane aikin waye. Ammar ne, ɗansu na fari, wanda harsashin igwa ya yi ajalinsa a layin ɗiban ruwa bara. Ashe shi ya sa da masu bindiga suka shigo suka yi ta murza motar nan, ta ƙi, suka harbi ƙofarta suka tafi. Yaron ya cire masu kyau ya sa matattu, bai gaya wa kowa ba. To ina ya kai su? Ladan ya zazzage akwatin kayan aiki, ya leƙa ƙasan kujera, ya tona gindin randa da hannu. Rana na ta hawa. Tsoro ya kama shi, irin wanda ko ƙarar jirage ba ta taɓa sa shi ba.

Ya shiga ɗaki ya durƙusa. “Hajja, don Allah tuna. Yaron nan bai ba ki ajiyar komai ba?”

Tasalla ba ta taɓa kiran sunan ɗan fari ba, kunya ta hana. Da ƙyar ta ce, “Ba abin da ya ba ni, Malam, sai layar nan. Ya ce kada in cire, kada in bari a buɗe.”

Ta jawo ta daga wuya. Doguwa ce, an ɗinke da jar fata, ɗinkin ma a karkace. Ko masu binciken gida ba sa taɓa layar Bahaushiya, tsoronta suke. Ladan ya auna ta a tafin hannu. Takarda ba ta wannan nauyi.

“Hajja, sai na yanka.”

Ta damƙe igiyar. “Ita kaɗai ta rage min.”

“Wallahi na sani. Ni kuma ke kaɗai kika rage min.”

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta saki. Ya sa reza. Sai ga hitocin nan masu kyau su huɗu a naɗe cikin auduga, suna ƙyalli. Ya cire ƙonannun ya ɗaura su, ya buɗe makulli, ya yi bismilla, ya jira fitilar hita da ke gaban sitiyari ta mutu. Batirin ya ja da ƙyar, ya sake ja, injin ya kama da wata irin girgiza.

Ya sungumo ta ya kwantar a kujerar gaba. Har ya sa giya sai ta kama hannun rigarsa.

“Ina ƙonannun da ka cire?”

“Suna ƙasa, shara ce ai.”

“Kwaso min su.”

Ya sauka ya tsinto su daga cikin yashi. Ta zura su cikin fatar da aka yanka, ta ƙulle da bakin mayafinta, ta mayar wuya.

“Ammar ne ya taɓa su,” in ji ta. “Mu je.”