Gawar Shafi na Uku

Auta ne ya kawo mini littafin da hannunsa, har shagona na wanki da guga. Ƙanena ne. Ni na raine shi tun rasuwar Inna, da dutsen gugar nan na kai shi har jami'a. Yau ga shi marubuci, har da tabarau. Su Auta manya!

"Yaya, ki karanta ki gaya mini gaskiya," ya ce. "Ra'ayinki nake so kafin na kowa."

Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na goge hannu a jikin zanina na karɓa.

Labarin kisan kai ne, a wani gari na bakin teku, shekaru aru-aru da suka wuce. A shafi na uku aka tsinci gawar wata mai wanki a bayan gidan alƙali. Ba wanda ya neme ta sai da alƙali ya rasa rigar sawa. Na ce kaico, baiwar Allah, na ci gaba.

Can sai mai bincike ya ɗaga hannun gawar, ya ga tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Na ajiye littafin na dubi nawa hannun. Maƙwabta suka shaida cewa ba ta fara magana sai ta ja tsaki, kuma tana ɗingishi da ƙafar dama in sanyi ya shigo. To, me ya rage? Ni ce dai, a kwance a bayan gidan mutane.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma can ƙasan raina wani daɗi ya ɗarsu. Na ce ko ba komai yaron nan ya gan ni, bari in ji abin da zai faɗa a kaina. Na duƙufa karatu har na ƙona wa wani malamin makaranta kwalar riga.

Auta bai faɗi komai a kaina ba. Dokin alƙali yana da suna. Zoben matar alƙalin an ba shi babi guda cur. Mai wankin kuwa har ƙarshe "gawar" ake ce mata. Ba wanda ya yi mata kuka, ba wanda ya tambaya ko ta taɓa son wani abu a duniya ban da dattin mutane. Da aka kama wanda ya kashe ta, ashe wata matar aka aike shi ya kashe, ya yi kuskure. Ko kisan ma ba nata ba ne.

Da sati ya zagayo Auta ya dawo da leda a hannu, baki har kunne.

"Yaya, kin gano mai laifin kafin ƙarshe?"

Na ja tsaki. Na naɗe hannun rigata, na ɗora hannun a kan tebur, tabon yana kallonsa.

"Mai wankin nan, a ina ka samo ta?"

Ya ɗan yi tunani. "Wacce? Au, gawar? Ba kowa ba ce, Yaya, daga kaina ta fito. Wadda nake nema kawai, in ta mutu mai karatu ba zai damu ba, labari ya ci gaba."

Ko kallon hannun bai yi ba. Ya turo mini ledar. "Ga rigar da zan sa ranar ƙaddamarwa. Don Allah a sa mata sitati sosai. To, ya kika ga littafin?"

"Ya yi kyau," na ce. "Ba ƙarya a ciki."

Na zazzage rigar a kan tebur, na jona dutsen guga.