Tukunyar Gas a Motar Sha'aibu

Motar ta yi tari sau biyu, ta ɗan zabura kamar an ingiza ta daga baya, sannan ta mutu. Sha'aibu ya gangara da ita gefen titi har ta tsaya da kanta. Hagu da dama gero ne ya fi tsawon mutum, babu gida, babu rumfa. Sun bar Ɗanzomo a baya, Gumel kuma da sauran tafiya.

"Lafiya?" in ji Inna Sabuwa daga kujerar baya. Kan mijinta, Baba Ɗalha, yana bisa cinyarta, tana yi masa fifita da gefen mayafi.

"Ba komai, Inna. Yanzu za ta tashi."

Ya murɗa makulli. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. Ya sake, ya kuma sakewa. Bai yarda ya dubi allurar mai ba, don ya san inda take kwance tun kafin su baro gida.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Sha'aibu da na Baba Ɗalha. Baba Ɗalha tsohon bakanike ne, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa nan ne garejinsa. Sunan da ya yi a kan abu ɗaya ne: in mota ko babur na zuƙar mai, ka kai masa. Zai kara kunne, ya juya wani ɗan noti a kabireta, ya wanke fulogi, ya taɓa taya da yatsa ya ce a ƙara iska. Da fetur ya yi tashin da ya yi, direbobi har daga Sule Tankarkar da Gagarawa suka riƙa layi a ƙofarsa. Shi ya koya wa Sha'aibu ɗaga ƙafa daga totur tun kafin gangara, da daina barin inji yana ci a tasha ana jiran fasinja.

Bayan ƙaramar salla Sha'aibu ya kai motarsa Kano aka sa mata tukunyar gas a but, da ɗan maɓalli kusa da sitiyari. Ya dawo bakinsa bai rufuwa. Kuɗin man da ya saba ƙonawa a kwana biyu yanzu yana kai shi mako. Baba Ɗalha ya zagaya motar, ya leƙa but, ya shafa bututun da tafin hannu.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Amma inda ake cika ta da nisa. Kada ka bar tankin fetur ya bushe. Ko rabi ne, ya zauna a ciki."

A teburin mai shayi aka yi maganar, mutane cike da benci. Sha'aibu ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ba aikin kunne ba ne, da kwamfuta aka saita ta. Kai dai ka ci gaba da baburanka." Aka yi dariya. Tsohon ma ya murmusa, ya goge hannu a gaban rigarsa ya koma ƙarƙashin bishiyarsa. Daga ranar Sha'aibu bai ƙara kai masa motar ba, fetur kuwa kwalba ɗaya yake zubawa, iya wanda za ta tashi da shi kafin ta koma gas.

Yau da hantsi Inna Sabuwa ta fito ba takalmi, ta ce Malam ya faɗi a bakin randa yana riƙe da ƙirji. Maƙwabta suka taru. Ubale, mai shagon kan kwana, ya ce bari ya ruga tasha ya kawo motar da ke lodin Gumel. Sha'aibu ya ce, "Ga mota a ƙofar gida za a je neman wata?" Ubale ya dube shi ya ce, "Akwai mai dai ko?" Kwana shida ke nan rabonsa da cika tukunyar, jiya ma ya yi Maigatari sau biyu. Amma ga mutanen bencin nan tsaye suna kallonsa.

"A cike take," ya ce.

Gas ɗin ya ƙare tun da suka wuce makarantar bayan gari. Kwalbar fetur ɗin ce ta kawo su nan.

Ya fita ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga hannu. Babbar mota ta wuce da buhunan riɗi, ba ta ko rage gudu ba. Ya kira Ubale, layin bai shiga ba. Can sai ga wani Bafillatani a kan babur da jarkokin nono. Da ya leƙa ya ga tsoho a kwance, bai tambayi komai ba, ya cire tiyon babur ɗinsa ya tatsa fetur a gorar ruwa, ya bar wa kansa ɗan abin da zai kai shi. Sha'aibu ya juye a tanki, ya koma ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya ƙi kamawa.

"Sha'aibu."

Muryar ta fito a hankali, kamar daga cikin rijiya. Ya juya. Baba Ɗalha ya buɗe ido, gumi ya jiƙa masa gemu.

"Bar murɗawa... za ka kashe batir."

"Baba, kada ka yi magana."

"Ta zuƙo dattin gindin tanki. Filta ce ta toshe." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ka cire ta. Ka busa ta baya... ba ta gaba ba."

Sha'aibu ya ɗaga bonet. Ba shi da sifana ko ɗaya, don ranar da aka sa tukunyar ya sauke akwatin kayan aiki, wai babu wuri a but. Bafillatanin ne ya miƙo masa filaya daga ƙarƙashin kujerar babur. Ya kwance filtar, ya kai baki ya busa. Baƙin ruwa mai tsatsa ya fantsamo masa a riga, fetur ya ƙone masa leɓe. Ya busa har kansa ya sara. Yana ɗaurawa ya ji Inna Sabuwa tana cewa, "Malam? Malam, ka ce La'ilaha illallahu." Bai ɗago ba. Ya ƙara matse notin da ya riga ya matsu.

Murɗawa ɗaya motar ta tashi, ƙararta sumul.

"Ta tashi, Baba! Ka ji ta?"

Ba a amsa ba. A madubi ya ga Inna Sabuwa ta cire mayafinta tana rufa wa mijinta fuska, tana gyara gefen a hankali don kada ya zame. Bafillatanin ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji.

"Juya mu koma gida, Sha'aibu," ta ce. "Gumel ta ishe mu haka."

Kafin la'asar an kai Baba Ɗalha makwancinsa. Direbobi suka ajiye motoci a tasha suka zo, 'yan acaɓa suka cika layin. Abin da ya fi damun Sha'aibu a zaman makokin shi ne gaisuwar da ake yi masa. Kowa ya zo sai ya riƙe hannunsa. "Sannu da ƙoƙari." "Maƙwabci ke nan." Liman ma da ya yi addu'a sai da ya sa sunansa, ya ce Allah ya saka wa wanda ya ɗauki marigayi a motarsa. Sha'aibu ya ce amin a ciki, idonsa a kan tabarma. Ubale yana gefe yana raba ruwa. Sau ɗaya suka haɗa ido, Ubale ya kawar da kai.

Kwana uku bai taɓa motar ba. Matarsa Safiya ta kawo tuwo ta mayar, ta kawo kunu ya huce. Rana ta huɗu da safe, da mutane suka ragu, ya yi sallama a tsakar gidan Baba Ɗalha. Inna Sabuwa na zaune a bakin ɗaki da carbi. Ya tsuguna nesa da tabarmarta.

"Inna, akwai maganar da na zo da ita."

"Ina jin ka."

"Ranar nan... babu mai a motar. Na sani tun a nan. Ubale ya tambaye ni na yi ƙarya. Da an kawo ta tasha, da kun isa asibiti."

Ta ja carbi ɗaya, biyu, kafin ta yi magana.

"Shekara arba'in da ɗaya ina gidan bakanike. Kana tsammanin ban san wutar nan da ke kamawa kusa da allurar mai ba? Ana shigar da shi na gan ta. Na buɗe baki zan kira Ubale, Malam ya matse min hannu. Ya ce, 'Ƙyale yaron. Mutane na kallo. Za ta kai mu.'"

Sha'aibu ya kifa goshi a gwiwa. Ya so ta zage shi, ko ta tashi ta shige ɗaki.

"Ban ce maka ba komai ba," ta ce. "Da ciwo a raina, kuma ba yau zai fita ba. Amma kwanansa ne ya ƙare, kuma ni ba zan faɗa wa kowa ba. In kana son a sani, kai za ka faɗa da bakinka. Tashi ka je, Safiya ta ce ba ka cin abinci."

Ya tashi ya fita. A ƙofar gida ya tarar da wani dattijo ya turo tsohon babur, ga alama daga ƙauye mai nisa, wandonsa duk ƙarangiya.

"Salamu alaikum. Nan ne wurin Malam Ɗalha? Babur ɗin nan ya ishe ni da shan mai, aka ce in kawo masa."

"Nan ne," in ji Sha'aibu. "Allah ya yi masa rasuwa ran Juma'a."

Dattijon ya yi salati. Ya jingine babur ɗin a jikin darbejiya, ya cire takalmi ya zauna a kansu, ya ɗaga hannu yana addu'a. Sha'aibu ya tsuguna kusa da shi ya ɗaga nasa. Daga ƙarƙashin kabiretar babur ɗin fetur na ɗiga ɗaya-ɗaya, rairayi na shanyewa.